Ƙanena Ya Ce Ba Shi Ya Zaɓa Ba, Ga Shi Ana Shirin Yi Masa Aure

Wasiƙar wannan makon daga cikin birnin Katsina ta zo. Na cire suna da unguwa da duk abin da zai sa a gane gidan.

"Assalamu alaikum Anti. Ina cikin tashin hankalin da ban taɓa shiga ba, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekararsa 27, ni na goye shi. Yaro ne mai natsuwa, ba ya shaye-shaye, sahun farko ba ya wuce shi, ya gama karatu yana sana'arsa. Tun bara Inna take matsa masa ya fito da mata. Da ta ga shiru sai ta yi magana da yayanta da ke Daura a kan ɗiyarsa, har an tsaida cewa bayan Babbar Sallah za a kai kuɗin gaisuwa.

Makon jiya ya zo gidana bayan isha'i, maigidana ba ya nan. Ya zauna bakin tabarma, abincin da na zuba masa ko taɓawa bai yi ba, sai kawai ya fashe da kuka. Ya ce tun da ya balaga bai taɓa jin sha'awar mace ba, zuciyarsa ga maza take karkata. Ya ce ya yi azumi, ya yi tsayuwar dare, ya sha rubutu, ba abin da ya sauya. Ya rantse mini bai taɓa kusantar kowa ba. Ni kuwa na rufe shi da faɗa, na ce shi ya ɗora wa kansa, a makarantar kwana ya kwaso, ya fice mini daga gida. Yana sa takalmi ya ce, 'Yaya, wallahi da zaɓi ne da ban zaɓa ba. Gara mini mutuwa.' Daga baya ya turo saƙon murya yana ba ni haƙuri, ban amsa ba.

Anti, da gaske mutum ba ya zaɓar wannan abu? In aka yi auren ba zai warke ba? Ko in gaya wa babban yayanmu a kai shi inda ake gyaran tarbiyya?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya yaye miki wannan damuwa.

Tambaya uku kika yi, amma akwai abin da ya riga su duka gaggawa, shi ne wannan "gara mini mutuwa" da kika ambata kika wuce. Kada ki ɗauke ta maganar fushi. Kira shi yau, kafin ki ƙarasa karanta amsata ma in zai yiwu. Ba sai kin ce kin yarda da komai ba. Ce masa, "Na ji saƙonka, har yanzu ni yayarka ce, zo ka ci tuwo." In ya zo, dube shi ido da ido ki tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa. Mutane na tsoron wannan tambaya, wai kada a tuna wa mutum abin da bai yi niyya ba, alhali likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar ba ta tunzura mutum, sauƙi ma take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi yana kwana shi kaɗai, ki tabbatar ba fiya-fiya ko maganin ƙwari na gona a ɗakinsa, ki kuma raka shi wurin likita. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2009 ya duba matasa masu irin halin ƙanenki, ya gano cewa waɗanda iyalinsu suka yi watsi da su sun ninka waɗanda aka riƙe fiye da sau 8 wajen yunƙurin kashe kai. A halin yanzu ke kaɗai ce iyalin da ta sani, don haka nauyin a wuyanki yake.

To, batun zaɓi.

Mu fara da soyayyar da kowa ya sani, ta mace da namiji, tunda a nan ba wanda zai ce ana kawo mana baƙon abu. Bukhari ya ruwaito labarin Barira da mijinta Mugisu. Da aka 'yanta ta aka ba ta zaɓi, sai ta ce ta gama zama da shi. Mugisu ya riƙa bin ta a lungunan Madina yana kuka, hawaye na jiƙa gemunsa. Annabi (SAW) ya ce wa baffansa Abbas, ba ka mamakin son da Mugisu yake wa Barira da ƙin da Barira take wa Mugisu? Ya yi mata magana ta koma, ta ce umarni kake ba ni? Ya ce a'a, ceto nake yi. Ta ce ba ni da buƙatarsa. Ki lura, ƙanwata: bai umarci Mugisu ya daina so ba, bai umarci Barira ta fara so ba. A Suratun Nisa'i kuma, aya ta 129, Allah ya gaya wa maza cewa ba za su iya daidaita tsakanin matansu ba ko da sun yi kwaɗayin hakan, kuma malaman tafsiri suka ce karkatar zuciya ake nufi. Shi ya sa shari'a ta wajabta adalci a kwana da ciyarwa, abubuwan da hannu ke iya rabawa, ta bar abin da ke cikin ƙirji.

Ke ma kin sani daga kanki. Ba ranar da kika zauna kika auna maza da mata kika ce na ɗauki maza. Kin wayi gari ne kin ga gabanki yana faɗuwa in wani saurayi ya yi sallama. Abin da ƙanenki ya gaya miki shi ne, shi ma haka ya wayi gari, sai dai tasa ta fuskanci inda bai so ba. Kuma ki yi wa kanki adalci a wannan lissafi: yaron da ya tashi a Katsina, ya san abin da ake faɗa a majalisa da kan mumbari, ya san abin da zai sami Inna in ta ji, me zai ci a ciki da har zai zaɓa? Shekara goma sha yana roƙon Allah cikin dare ya cire masa. Wanda ya zaɓi abu ba ya haka.

Masana sun yi shekaru suna neman musabbabin. Bincike mafi girma a kan gado shi ne wanda aka buga a mujallar Science a 2019, inda aka duba ƙwayoyin halittar mutum kusan 500,000 a Birtaniya da Amurka. Ba a sami wata ƙwayar gado guda ɗaya da za a nuna a ce ga ta ba. An sami ƙananan alamu masu yawa warwatse, waɗanda a haɗe suke da wani kaso na tasiri, ba duka ba. Binciken tagwaye ma haka ya nuna: tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi kama da juna a wannan fanni fiye da sauran 'yan'uwa, amma sau da yawa za ka ga Hassan yana da shi, Hussaini ba shi da shi. Wato gado yana ciki, yanayin da ɗa ya zauna a mahaifa ma ana ganin yana ciki, da wasu abubuwan da suka cakuɗe. Inda bakin masana ya fi zuwa ɗaya shi ne, abin yana kafuwa tun da wuri, mai shi tarar da shi yake yi, kuma ba laifin renon uwa ba ne. Wannan na ƙarshe ki riƙe shi da kyau, don ke da kika goye shi na san kin fara tuhumar kanki. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta cire shi daga jerin cututtuka a 1973, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi sahu a ranar 17 ga Mayu, 1990. Ma'anar wannan a aikace ita ce, babu allura, babu ƙwaya, babu tiyata. Duk wanda ya ce miki yana da maganinsa a kwalba, kuɗinki yake so.

Na san abin da ya sa kika ce makarantar kwana. Gaskiya ne akwai yaran da suke faɗawa irin wannan a inda aka tara jinsi ɗaya, akwai waɗanda wani babba ya lalata, akwai kuma masu yi don kuɗi ko waya. Yawancin irin waɗannan da sun fita daga wurin sukan koma ga abin da zuciyarsu take so tun asali, su yi aure su manta. Su mutane suke gani sai su ce ai ashe ana dainawa. Wanda ya ce miki bai taɓa jin mace ba ko sau ɗaya, kuma bai taɓa aikata komai ba, labarinsa daban ne. Duk da haka, wata rana in hankali ya kwanta, tambaye shi a tsanake ko wani ya taɓa cin zarafinsa yana ƙarami. Ba don shi ne dalili ba, sai don in ya faru, ciwo ne na daban da yake buƙatar nasa magani. (Masu cewa Turawa suka kawo mana kuwa, su buɗe Risala, wadda ake karantawa a zaurukan Katsina tun kaka da kakanni. Marubucinta Ibn Abi Zaid ya rasu fiye da shekara dubu da suka wuce, kuma ya yi maganar hukuncinsa. Ba a yi wa abin da babu shi hukunci.)

Ba zan ɓoye miki ba, kuma ke ma kin sani: malamanmu sun haramta aikin, ƙanenki ma ya sani, shi ya sa yake kuka. Amma su malaman ne suka rarrabe tsakanin abin da zuciya ta ji da abin da gaɓɓai suka aikata. Hadisin Abu Huraira yana cikin Bukhari da Muslim: Allah ya yafe wa wannan al'umma abin da zukatansu suka raya musu, matuƙar ba su aikata ba ko su furta. Ko a ma'aunin da kika ɗauko kika auna shi da shi a daren nan, mutumin da kika kora bai yi laifin da za a kore shi ba. Ya zo neman taimako ne.

Yanzu auren. A nan zan daɗe, domin akwai wadda ba kowa ya tuna da ita a wasiƙarki, ɗiyar kawunku.

Gaskiya ne iyayenmu da yawa ba su san mazansu ba sai a ɗaki, kuma so ya zo daga baya. Shaƙuwa da tausayi da kyautatawa abubuwa ne da ake ginawa da niyya, wannan ɓangaren na soyayya zaɓi ne, ban musa ba. Amma a waɗancan gidajen, sha'awar mace tana jikin namijin tun farko, saura kawai ta sauka a kan wannan macen. A nan tushen ne babu. Kin san yadda ake yi wa bahago a gidajenmu: a doke hannu, a doke hannu, har ya koyi cin tuwo da dama. Ya girma kowa ya ce ya daina. Jefa masa makulli ba zato ki ga da wane hannu zai cafe. Aure zai iya koya wa ƙanenki yin abin da ake so a gani, ƙila har a haihu. Ba zai juya masa zuciya ba. Wata ƙungiyar Kirista a Amurka mai suna Exodus International ta shafe shekara 37 tana wa mutane alkawarin sauya su ta hanyar addu'a da nasiha, da yawansu har aure aka yi musu. A 2012 shugabanta Alan Chambers ya fito ya ce kashi 99.9 cikin ɗari na waɗanda ya sani ba su sauya ba, a 2013 ya nemi gafarar waɗanda aka cutar, aka rufe ƙungiyar.

Ki hango yarinyar nan. An yi mata jere, an kai ta da guɗa, ƙawaye sun watse. Ango yana kaiwa sha biyun dare a shago ko majalisa, in ya shigo ya ce ya gaji, ya juya wa bango fuska. Ba ya zaginta, ba ya dukanta, cefane ba ya yankewa, don haka ba ta da abin da za ta kai ƙara. Sai ta fara tuhumar jikinta. Ta sai da ɗan kunnenta ta sayi kayan mata, ta sha tsumi, ta yi turare har ɗaki ya ɗauki hayaƙi, ta tsaya gaban madubi tana neman abin da ya rage mata. Gwaggonninta su ce sammu ne, a shiga bin malamai. Shekara biyu, uku, sai yaji, sai biko, sai takarda. Ta koma Daura da sunan wadda ta kasa riƙe miji, ba ta taɓa sanin cewa ba ita ba ce. Inna da yayanta kuwa, gaisuwar Sallah ma sai ta gagara. Auren zumunci in ya mutu ba shi kaɗai yake mutuwa ba.

Kuma ba ra'ayina kaɗai ba ne. A fiƙihun Malikiyya aure yana hawa hukunci biyar, daga wajibi har zuwa haram, kuma malamai sun ambaci cewa yana haramta ga wanda ba ya tsoron faɗawa zina da rashinsa, alhali ya san zai cutar da matar ta hanyar kasa ba ta haƙƙinta na shimfiɗa ko na ciyarwa. Ɗiyar mutane ba magani ba ce da za a gwada a ga ko zai yi aiki. Ke da kika san gaskiya, in kika yi shiru aka ɗaura, da hannunki a ciki. Zaman gwauro yana da nauyi a garinmu, na sani, za a yi ta tsegumi. Amma ba zunubi ba ne. Imam Nawawi, mai Arba'una da yaranmu ke haddacewa a Islamiyya, ya bar duniya bai yi aure ba, saboda dalilinsa na karatu, kuma ba wanda ya ce addininsa ya tauye.

Gidan gyaran tarbiyya kuwa, a'a. Ba mu manta watan Oktoba na 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a Daura, sannan wani a cikin Katsina, aka fito da mutane da mari a ƙafa da tabon bulala a baya, wasunsu suna ba da labarin lalatar da aka yi da su a ciki. Iyayensu da kansu suka kai su, da kyakkyawar niyya, har suna biyan kuɗi. Addu'a da karatun Alƙur'ani ba wanda zai hana ku, ku yi ta yi, ke da shi. Sai dai ki roƙa masa natsuwa da kariya da mafita ta alheri, kada ki sa masa wa'adin warkewa. Wanda aka ce masa in imaninka ya cika za ka sauya, in bai sauya ba sai ya yanke cewa Allah ya ƙi shi, kuma daga nan ne ake zuwa inda muka fara magana.

Kada ki gaya wa babban yayanku. Kada ki gaya wa maigidanki, ko aminiyarki, ko malamar Islamiyyarku. Magana zarar bunu ce. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi ɗaya, da shekara 10 ga nuna alaƙar a fili ko shiga ƙungiyoyinsu. Dokokin shari'a na jihohinmu kuma hukuncin da suka rubuta kan aikin yana iya kaiwa ga kisa. Babu ɗayansu da ke hukunta abin da ke cikin zuciya, kuma babu abin da ya wajabta miki kai rahoton ƙanenki. Amma taron jama'a ba ya tsayawa bambance wanda ya ji da wanda ya yi. A Bauchi, cikin wannan Janairun na 2014, mutane sun yi wa kotun shari'a ruwan duwatsu suna neman a miƙa musu waɗanda ake tuhuma tun alƙali bai yanke hukunci ba. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, mutumin da ya tura Ma'izu ya je ya yi iƙirarin zina, Annabi (SAW) ya ce masa da ka rufe shi da mayafinka da ya fi maka alheri. Wancan ya aikata ma ke nan. Iyaka guda ɗaya ce ga wannan rufin asiri, kuma ta shafi kowa, mai son maza da mai son mata: in da yaro ƙarami a cikin magana, ko tilas, to babu rufi. Ba abin da ke cikin wasiƙarki da ya nuna haka, kuma kada ki fara kallon ƙanenki da wannan ido don kawai abin da ya gaya miki.

Saƙon muryar nan da ya turo, goge shi yanzu, tunda na san 'ya'yanki na wasa da wayarki. Shi ma ja masa kunne kan intanet. Akwai masu yaudarar irinsa da hira mai daɗi, su kira shi wani wuri, su yi masa duka, su ɗauki bidiyo, su riƙa tatsar kuɗi da barazanar tura wa iyaye, don sun san ba zai iya zuwa wurin 'yan sanda ba.

Wajen likita, abin da za ku je nema shi ne maganin damuwa da rashin barci da tunanin mutuwa, waɗannan suna da magani. Ya isa ya faɗi waɗannan, sauran sai in ya natsu da likitan. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina. In yana tsoron haɗuwa da idon sani, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna tafiyar yini ɗaya ce.

Yadda zai tafiyar da sauran rayuwarsa, tsakaninsa da Ubangijinsa, ba ke za ki yanke ba, ba ni ba, kuma ba a wata ɗaya za a warware shi ba. Abin da ke gabanku yanzu Babbar Sallah ce. Shi zai je wurin Inna da bakinsa, ke kina zaune a gefe, ya ce ba zai iya auren nan ba, ba ya jin zai iya riƙe yarinyar da adalci, kuma ba ya so ya zama sanadin ɓata tsakanin Inna da yayanta. Duk wannan gaskiya ne, ba ƙarya a ciki. Inna za ta yi fushi, za ta yi kuka, ƙila ta ce ke kika zuga shi. Ki shanye. In ta tambayi dalili, ki ce kin zauna da shi kin ga ba ya so, kuma kin fi son a ji kunya yanzu da a ji ta bayan an haihu. Ku yi wannan cikin makon nan ko na sama, tun kawunku bai fara sanar da dangi ba, kuma tun ba a kai ko sisi Daura ba.